Igiyar Tsohon Kashgar

Ko tsufa zai kwashe mini duk abin da na sani, ba na jin zai iya kwashe wata ranar Lahadi da na yi a kasuwar dabbobi ta Kashgar, can ƙuryar yammacin ƙasar Sin, garin mutanen da ake kira Uigur. Yawon buɗe ido na je, daga ni sai 'yar jakata da wayar ɗaukar hoto. Abin da na dawo da shi tsohuwar igiyar saniya ce, duk ta sha hannu ta yi santsi. Har yau tana wurina.

Bari in fara daga gida, don ku gane. Ni likitar dabbobi ce a Jalingo, amma a ruga aka haife ni, bayan Iware. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, makiyayi ne tun tasowarsa. Inna yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa na sangarce, duk gidan ni kaɗai ke mayar masa da magana ya yi dariya. Bakina kuwa dama ba ya shiru, kowa ya san ni da wannan. Baba yana da wata al'ada da ya gada, ba ya wasa da ita. In ya kai saniya kasuwar Iware aka gama ciniki, sai ya ce wa mai saye ya kawo tasa igiyar, shi kuma ya kwance tasa ya naɗe ya dawo da ita gida. Ina ƙarama na taɓa ce masa, "Baba, kai da ka ba da saniya sukutum, igiya za ka yi wa rowa?"

Ya ce, "Saniya na sayar, Inna, ban sayar da kiwo ba. Albarkar garke tana bin igiyar nan. Ranar da kika ga makiyayi ya bar dabba ta tafi da igiyarta, to ya gama ke nan."

Garken ya yi ta raguwa a kan idonmu. Ciwon huhu ya ɗebi wasu a wata shekara. Daga baya ɓarayi suka zo suka kora mafi yawan sauran, suka fasa wa Baba kai da gindin bindiga. Mahaifiyarmu dama ta riga ta rasu. Ƙarshe saniya ɗaya ta rage masa, Wule, mai farin goshi, daga tsatson saniyar da kakanmu ya ba shi ranar sunansa. Ita yake tashi dominta da asuba, ita yake yi wa hira da yamma.

Yayana, wanda muke ce wa Hamma, ma'aikaci ne a Jalingo, gidansa yana unguwar Yelwa. Ya ce shi kam ya gaji da kwana cikin fargaba, a sayar da Wule, Baba ya dawo wurinsa. Ban ga laifinsa ba, kuma har gobe ba zan gani ba, don shi ya ɗauko Baba cikin jini ya kai shi asibiti. Muka zauna a kan maganar ana gab da tafiyata Sin wani kwas na cututtukan tumaki. Baba yana zaune yana jujjuya sandarsa, ko uffan bai ce ba. Na ce, "Ku bari in je in dawo tukuna."

Hamma ya kalle ni ya ce, "To, Likita. Ɓarayin ma kin gaya musu su jira ki?"

Na tafi na bar maganar a rataye, ina ganin in ma an sayar, ai daga baya sai a saya masa wata.

A birnin Urumki muka yi kwas ɗin. Cikin abokan karatuna akwai wata 'yar Uigur, ita ma likitar dabbobi, mai sanyin hali, wadda ta iya jure surutuna. Da Turanci muke magana. Da aka ba mu ɗan hutu sai ta ce in raka ta garinsu, Kashgar, in ga kasuwar da ke ci duk Lahadi tun zamanin kakannin kakanninta. Jirgin ƙasa ya yi ta tafiya da mu ta gefen hamada, ba gari ba itace, har na fara ce mata anya direban nan bai ɓata ba kuwa? Can nesa ga duwatsu fari fat da ƙanƙara, sun ƙi matsowa sun ƙi ɓacewa.

Garin ya ba ni mamaki. Na zaci baƙunta zan ji, sai na ga lunguna ƙanana da gidajen ƙasa masu ƙofofin katako, tsofaffi da farin gemu da 'yan huluna masu kusurwa huɗu suna zaune a bakin shago. Rubutun jikin shaguna kamar ajami, na tsaya zan nuna gwaninta, ko kalma ɗaya na kasa haɗawa. Amma in ka yi sallama, amsar da za a ba ka ita ce dai ta gida. Kallo kam na sha shi. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta shafa, ta duba tafinta, ta fashe da dariya, sannan ta cusa mini rumman a jaka ta ƙi karɓar ko sisi.

Ranar Lahadi da hantsi muka fita bayan gari. Hanyar ta cika da motoci masu ƙafa uku da amalanken jakuna, kowanne maƙare da dabbobi. Tun kafin mu shiga na ji warin kashin shanu haɗe da hayaƙin gasasshen nama, na tsaya cak, don wallahi da na rufe ido cewa zan yi Iware nake. Tumakinsu masu ƙaton kitse a gindi an jera su wuya da wuya a igiya ɗaya, masu su suna bi da almakashi suna gyara musu gashi kamar za a kai su biki. Ga raƙuma masu tozo biyu, ga wasu shanu masu gashi har ƙasa, ga samari suna sukuwa a kan dawakai don mai saye ya ga lafiyar ƙafa. Gefe ɗaya ana liƙa wani burodi mai nama a cikin tanderu, ana ja taliya da hannu, ana yanka kankana. Dillalai kuwa, ashe ko'ina halinsu ɗaya. Dillali ya kamo hannun mai saye, ya kamo na mai sayarwa, ya haɗa, ya yi ta girgizawa yana ihu kamar zai cire musu kafaɗa. Na ce wa ƙawata shanunsu dai Allah ya ba su haƙuri, ba tozo, ba ƙahon kirki. Ta ce namu ai ƙaho kawai suka iya, nono sai a hankali. Muna ta wannan tsiya muka kai ƙarshen kasuwar.

A nan na gan shi. Tsoho ne dogo, cikin baƙar riga har gwiwa, tsaye shi kaɗai da wata jar saniya. Ka gan ta ka san an kula da ita, jikinta a goge, idonta garau. Yana ɓalle burodi daga aljihu yana sa mata a baki, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Igiyar wuyanta ta gashin akuya ce, baƙi da fari a kitse, da ɗan jan zare a ƙarshenta. Na sauke wayar da nake ɗaukar hoto da ita, don tsayuwarsa ta tuna mini da wani.

Dillali ya kawo mai saye, wani magidanci mai motar dabbobi. Aka haɗa hannu, dillali ya fara girgizawa yana ɗaga murya, amma tsohon bai ja ciniki ba ko kaɗan. Abin da aka faɗa da farko shi ya amsa da kai. Suka ɗaga hannu suka shafa addu'a. Mai saye ya juya zai ɗauko tasa igiyar daga mota, sai tsohon ya miƙa masa ta hannunsa, ya juya baya. Na ga mutumin ya yi jim, sannan ya ja saniyar ya nufi mota. Mazan da ke tsaye a wurin duk suka yi tsit, wani ya sunkuyar da kai, dillalin ma ya kau da fuska yana gyara hula.

Ni ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Da Hausa tsantsa na ƙwala, "Kai! Baba, igiyarka!" Na ruga na riƙe igiyar a hannun mai saye, ina nuna tsohon, ina nuna wuyan saniyar. Ku dubi abin: baƙar mace, baƙuwa, ta tare namiji a tsakiyar kasuwar maza tana yare. Ƙawata ta biyo ni tana jan mayafina.

Na ce, "Gaya masa ya manta igiyarsa. Ba a barin ta ta tafi."

Ta matso kusa da kunnena ta ce, "Bai manta ba. Mu ma nan ba a sayar da dabba da igiyarta. Kowa ya gani, shi ya sa aka yi shiru."

Mutanen nan sun rufa wa tsoho asiri da shirunsu, ni kuma na zo daga Taraba na yi shela. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Mai sayen fuskarsa ta yi ja, ya yi sauri ya kwance igiyar, ya ɗaura tasa, ya kawo wa tsohon da hannu biyu. Tsohon ya karɓa ya tsaya yana kallonta, sannan ya kalle ni. Ina jiran faɗa, sai na ga ya ɗan yi murmushi, idonsa cike da ruwa. Ya tambayi ƙawata daga ina wannan take, kuma wa ya koya mata. Da ta gaya masa 'yar makiyayi ce daga Afirka, sai ya ce mu zo mu sha shayi.

Muka zauna a kan wani benci ƙarƙashin rumfa. Aka kawo shayi a 'yan kwanoni marasa mariƙi, ya gutsura burodi ya tura gabana. Yana magana ƙawata tana fassara mini. Matarsa ta rasu. Filayen ƙauyensu gari ya cim musu, inda suke kiwo yanzu gine-gine ne. 'Ya'yansa maza suna aiki a birni, sun kama masa ɗaki a wani dogon bene, can sama. Saniyar nan daga tsatson wadda matarsa ta zo da ita gidan aure take, ita ce ta ƙarshe.

Ya ce, "Yarana suna da kirki. Sun ce ba zan ƙara jin sanyi ba, ɗakin da ɗumi ko ana ƙanƙara." Ya jujjuya igiyar a cinyarsa. "To me zan ɗaure a can, 'yata? Ƙafar gado?"

Na ajiye burodin. Ya tambaye ni ko mahaifina yana raye, na ce yana nan. Yana da shanu? Na ce saura ɗaya.

Ya ce, "Ɗaya ai garke ce, in dai tana haihuwa." Ya naɗe igiyar a hankali, yadda Baba yake naɗewa, daga gwiwar hannu zuwa babban yatsa, ya ɗora mini a tafin hannu. "Na so ta bi saniyar ne don kada in riƙa ganinta a ɗaki. Tunda Allah ya taso ki daga ƙarshen duniya kika tare ta, ashe tana da sauran aiki. Ki kai wa mahaifinki. Ta mai shanu ce. Ki ce wani tsoho yana gaishe shi."

Ya tashi, ya ƙi bari mu biya kuɗin shayi, ya bi ta tsakanin amalanke ya tafi, hannuwansa a goye a baya, ba komai a cikinsu. Bai waiwayi motar da saniyarsa take ciki ba. Na bi shi da ido har mutane suka rufe shi.

A wurin na ciro waya na fara neman Hamma. Layi ya ƙi shiga. Na sake, ya ƙi. Saƙo ma ya tsaya bai tafi ba. Duk sauran kwanakin da muka yi a Kashgar haka na yi ta fama, in hau saman soron gidansu ƙawata, in sauko, in ari wayar wannan, in ari ta wancan. Mahaifiyarta ta yi ta ɗura mini shinkafa da nama tana tambayar 'yarta me ke damun baƙuwa. Sai da muka koma Urumki na same shi. Ko gaisawa ban tsaya mun yi ba na ce, "Hamma, don girman Allah kada ku taɓa Wule. Ko me za a yi, a yi da ita."

Ya ce, "Likita, an kai ta Iware kasuwar da ta wuce. Ɓarayi sun sake shiga rugar maƙwabta, har an tafi da mutum. Baba da kansa ya ce a kai ta."

Na ce, "Igiyar fa?"

"Na tuna masa," in ji Hamma. "Ya ce a bar ta."

Na zauna a bakin gado da igiyar tsohon Kashgar a cinyata, na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar mahaifiyarmu. An ba ni amana in kai wa mai shanu, ga shi tun kafin in bar ƙasar ba shi da ko ɗaya.

Da na dawo na tarar da Baba a Yelwa, zaune a baranda a kan darduma, kayansa fes, fanka tana kaɗa masa. Matar Hamma ba abin da ba ta dafa masa, har nono take aikawa a nemo mai kyau. Amma ya rame, idonsa kullum a kan ƙofar gida. In an kira sallar asuba ya dawo daga masallaci, sai ya zauna da sandarsa a hannu har rana ta fito, ba inda za shi. Na zauna kusa da shi na ba shi labarin kasuwar, tumaki masu kitse, raƙuma masu tozo biyu, har da abin kunyar da na yi. Nan ya yi dariya, ya ce ai bakin nan nawa sai ya kai ni inda ba a dawowa. Sannan na ciro igiyar na isar da gaisuwa.

Ya karɓa, ya sansana, ya bi ta da yatsa tun daga farko har jan zaren. Sannan ya ɗago ya kalle ni.

"Shi ma birni suka kai shi?"

Na ce, "E, Baba."

"Yaransa suna da kirki?"

"Ya ce suna da kirki."

Ya gyaɗa kai. "Nawa ma haka." Sai ya mayar mini da ita. "Amma mai shanu ya ce a ba, Inna. Ni yanzu ba mai shanu ba ne."

Raina ya ɓaci, ban ma san da wa nake fushi ba. Kasuwar Iware ta gaba na je da kaina na zaɓo karsana mai farin goshi, na sauke ta a tsakar gidan Hamma. Ranar farko ta cinye furannin matarsa tas. Baiwar Allah ta kalli wurin ta kalle ni, ta ce, "Adda, in dai Baba zai ci abinci, ta haɗa da bishiyar mangwaron." Washegari Hamma ya kira kafinta aka kafa rumfa. Baba ya fito ya zagaya karsanar, ya buɗe bakinta, ya shafa bayanta.

Ya ce, "Karsanarki tana da kyau, Inna."

Na ce, "Taka ce, Baba."

Ya ce, "Ban san uwarta ba." Ya koma kan dardumarsa.

Haka muka yi ta tafiya har damina ta yi nisa. Kullum kafin in wuce aiki sai na biya Yelwa in ba ta dusa, shi kuma yana kallo daga baranda, wani lokaci ya ce in ƙara mata kanwa, shi ke nan. Wata safiya, an kwana ana ruwa gari ya yi luf, ya ce, "Inna, igiyar mutumin nan tana nan?" Na ce tana cikin mota, ban taɓa rabuwa da ita ba. Ya ce in kawo. Wayyo, farin cikin da na ji! Na ce alhamdu lillahi, Baba ya sauko. Har tuntuɓe na yi wajen ɗaukowa.

Ya tashi yana dafa bango, ya isa rumfar. Ya kwance igiyar roba da na sa mata ya yar gefe, ya zura ta Kashgar a wuyanta. Ƙullin bai ɓace masa ba. Ya ce, "Kalli nan. Ta ƙasa za ki bi, don in ta ja kada ta shaƙe." Ya kwance, ya sa na yi da kaina, na ɓata, ya sa na sake. Da ya ga ya yi, sai ya kama ƙarshen igiyar mai jan zare ya sa a tafina, ya dunƙule yatsuna a kai da hannunsa biyu.

"Tsohon ya ce a ba mai shanu. Ga ta."

Ya juya ya nufi baranda, hannuwansa a goye a baya. Na taɓa ganin wannan tafiyar, na kuma san ma'anarta. Amma wannan karon bakina bai buɗe ba. Na tsaya riƙe da igiya, karsana tana lasar gefen zanena, hawaye yana zuba. Kafin a girbe masarar shekarar Baba ya rasu, cikin barcinsa na rana, ba wani ciwo da za a nuna.

Abin da na koya, ba a aji na koye shi ba, tsofaffi biyu da ba su taɓa haɗuwa ba suka koya mini. Muna iya ba iyayenmu rufi mai kyau da magani da tsaro, kuma wajibi ne mu ba su. Amma kafin a ɗauke tsoho daga inda ya saba, a zauna a tambaye shi me yake tashi dominsa da safe, a yi ƙoƙari a ɗauko har da shi, ko da zai cinye furannin gida. Shirunsa ba yarda ba ce, sau da yawa kunya ce da gudun ɗora wa 'ya'ya nauyi. Kuma irin wannan magana ba a cewa sai an dawo daga tafiya.

Karsanar nan tana wurin wani ɗan'uwanmu wajen garin Mutum Biyu, ta hayayyafa, yanzu na san uwar kowace. In buƙata ta taso za a sayar da ɗaya, ni nake zuwa Iware da kaina, da igiyar tsohon Kashgar a wuyanta. Dillalai sun san ni, har tsiya suke mini, wai ga Likita mai rowar igiya. Ba na kula su. In an shafa addu'a sai in ce wa mai saye ya kawo tasa, in kwance tawa, in naɗe daga gwiwar hannu zuwa babban yatsa, in dawo da ita gida.